Darasin Lafiya: Gulutatiyon, Mai Gadin da Hanta ke Ƙerawa

 

Ya ku ƴan'uwa, dalilin wannan darasi tambaya ce da wani dattijo cikin masu sallah tare da mu ya kawo mana bayan isha'i. Ƴarsa za ta yi aure, kuma a cikin jerin kayan gyaran amarya da aka rubuto masa ya tarar da wata allura da ake kira gulutatiyon, kwalba goma, kuɗinta ya kusa kai na ragon layya. Aka ce masa ba bilicin ba ce, wai abu ne da jiki da kansa yake yi, tana wanke jini, tana wanke hanta, hasken fata kuwa gyara ce da ke biyo baya. Ya ce: "Malam, ya halatta in biya?" Muka ce ya ba mu ƴan kwanaki, domin malamanmu sun hore mu da cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Muka zauna da likitoci biyu da wani mai harhaɗa magunguna daga cikin jama'armu, muka karanta abin da ya sauwaƙa da Larabci da Faransanci. Sai muka tarar mai sayarwa ya faɗi gaskiya guda ɗaya, ya ɗora ƙarya uku a kanta. Muka kuma tarar cewa wannan abu ya shafi gidajenmu ta wasu ƙofofi da suka fi maganar amarya nauyi.

Mene ne shi, kuma me yake yi

Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye ya san ba ya daɗewa sai launinsa ya juya. Ƙarfen da aka bari a waje da damina yakan yi tsatsa, man gyaɗa in ya kwana biyu a buɗe yakan canza wari. Abu ɗaya ne ke aikata duk wannan, wato iskar oksijin, wadda ita ce kuma muke shaƙa muke rayuwa da ita. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana ƙona abinci da wannan iska domin ta samu ƙarfi. Inda ake hura wuta kuwa ba a rasa tartsatsi. Tartsatsin nan, in aka bar shi, yana cin bangon ƙwayar halitta, yana ɓata kayan aikinta, har ya taɓa rubutun gado da ke cikinta.

To, gulutatiyon yana cikin manyan masu kashe wannan tartsatsi. Ba bitamin ba ne da sai an ci shi daga waje. Kusan kowace ƙwayar halitta tana ƙera nata, hanta kuma ta fi kowa, har tana aika wa sauran gaɓoɓi ta cikin jini. Ana haɗa shi da tubala uku daga cikin tubala ashirin da ake gina furotin da su, wato abincin gina jiki irin nama da ƙwai da wake da nono. Sunayensu gulutamat, da gilisin, da sistayin. Na ukun nan shi ne mai ɗauke da farar wuta, wadda Larabawa ke kira kibritu, kuma a kanta aikin duka ya rataya. Shi ne kuma yakan yi ƙaranci in abinci ya yi ƙaranci.

Wani Bafaranshe mai suna Joseph de Rey-Pailhade shi ya fara cin karo da shi a cikin yis a shekarar 1888, ya sa masa suna da ke nufin mai son farar wuta. A 1921 Frederick Hopkins na jami'ar Kambirij a Ingila ya ware shi, ya ba shi sunan da ake kiransa da shi yau. A 1935 aka iya haɗa shi a ɗakin bincike. Saboda haka ba sabon abu ba ne kamar yadda masu talla ke nunawa, ya girmi kakanninmu a littattafan likitoci.

Ga misali da ya sauƙaƙa mana fahimtar aikinsa. Ku dubi ɗan ga-ruwa a unguwanninmu na Yamai: yana zuwa da garwarsa cike, ya juye, ya koma famfo ya sake cikawa. Haka gulutatiyon yake. In ya kashe tartsatsi sai ya zama fanko, sai wani ma'aikaci a cikin ƙwayar halitta ya sake cika shi, ya koma bakin aiki. A jiki mai lafiya fiye da kashi 90 cikin 100 nasa a cike yake a kowane lokaci. Yana kuma taimakawa wajen maido da bitamin C da bitamin E bakin aikinsu bayan sun gaji. A hanta yana da aiki na biyu: yana kama wasu dafi da ragowar magunguna, ya manne musu, ya mai da su abin da ke narkewa a ruwa, su fita ta fitsari ko ta matsarmama. Akwai shi da yawa a ƙwayar ido da cikin huhu, kuma yana raguwa da tsufa, da shan taba, da shan giya, da doguwar jinya.

Ƙwayar ciwon kai da hanta

Ƙofa ta farko da wannan ilimi ya shigo gidajenmu ita ce farasitamol. Babu gidan da babu shi, ko da sunan Doliprane, ko Efferalgan, ko Panadol, ko wanda masu talla ke yawo da shi a faranti cikin rana. Magani ne mai kyau in an kiyaye haddinsa. Amma duk lokacin da aka sha shi, hanta tana juya wani ɗan kaso nasa ya zama dafi, kuma gulutatiyon ne ke kama wannan dafi nan take, shi ya sa ba mu jin komai. In aka zuba ƙwayoyi fiye da kima, sai rumbun hanta ya ƙare, dafin ya juyo ya fara cin hantar kanta.

Haddin babban mutum mai lafiya shi ne giram 4 a yini da dare, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, ba a wuce biyu a sha ɗaya, kuma a bar aƙalla awa huɗu zuwa shida tsakani. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa, ba da ƙiyasin uwa ba. Wanda jikinsa ya rame, ko ya yi kwanaki yana jinya bai ci abinci ba, ko yake da ciwon hanta, ko mai shan giya, haddinsa bai kai haka ba, domin rumbunsa dama da sauƙi. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne haɗa magunguna: a sha na zazzaɓi, a ƙara da na mura, a ƙara da na ciwon jiki, alhali duka ukun da farasitamol a cikinsu. Mun san leburori da direbobi da masu tura baro da ke fara yini da ƙwaya huɗu a cikin kofin shayi.

Abin tsoro a nan shi ne, a yinin farko mutum ba ya jin komai sai ɗan tashin zuciya, ko ma babu. Sai a kwana na biyu ko na uku hanta ta fara nuna alama, ido ya yi rawaya, hankali ya fara gushewa. Akwai makari, ana kiransa asetil-sistayin, wanda likitocin Edinbara a Sikotilan suka tabbatar da amfaninsa ta jijiya a ƙarshen shekarun 1970. Aikinsa shi ne ya ba hanta tubalin nan na uku domin ta sake ƙera gulutatiyon da kanta, kuma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. Saboda haka wanda ya sha da yawa, ko yaron da ya samu kwalin ya haɗiye, a kai shi asibiti a take tare da kwalin, kada a ce ai ga shi yana wasa. Ku lura, ko a wannan hali na mutuwa da rayuwa, likitoci ba gulutatiyon suke ɗurawa ba, kayan haɗa shi suke bayarwa.

Jariri, kafur da lalle

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi tsaya mana a rai, domin ta shafi kwanaki bakwai da ke tsakanin haihuwa da raɗin suna.

Mun ce ɗan ga-ruwa yana komawa famfo. A cikin jajayen ƙwayoyin jini famfon guda ɗaya ne tak, likitoci suna kiransa G6PD. Akwai mutanen da aka haifa famfonsu ba ya kawo ruwa sosai. Gado ne, ɗa namiji daga uwarsa yake samunsa, kuma maza sun fi mata nuna shi. Ana ƙiyasta masu shi a duniya sun kai miliyan 400, kuma ya fi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, irin namu, domin yana ba mai shi ɗan kariya daga zazzaɓin. An gano shi a Chicago ta Amurka a 1956, lokacin da ake binciken dalilin da ya sa maganin zazzaɓi mai suna firimakin ke farfasa jinin wasu mutane ya bar na wasu.

Mai wannan gado lafiyarsa lau, yana iya tsufa bai sani ba. Amma ranar da wani abu mai yawan tartsatsi ya shiga jininsa, gulutatiyon ɗinsa yakan ƙare, famfo kuma ba ya cikawa da sauri, sai jajayen ƙwayoyin jini su farfashe. Cikin kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ido ya yi rawaya, tafin hannu ya yi fari, numfashi ya yi sama-sama. Abubuwan da ke tayar da shi sun haɗa da firimakin da aka ambata, da dafson da ake ba masu kuturta, da wasu magungunan ciwon mafitsara, da zazzaɓi mai tsanani. Haka kuma waken nan mai faɗi da ake kira ful, wanda alhazanmu ke karya kumallo da shi a Makka da Madina, yana iya tayar da shi. Wakenmu na gida ba ya cikin wannan.

Sai kuma abubuwa biyu da ke ɗakin kowace mai jego. Na farko fararen ƙwallayen nan da ake sakawa cikin akwati don korar asu da kyankyaso. Muna kiransu kafur, amma sau da yawa ba su ne kafur na asali da aka sani a littattafan fiƙihu wajen wankan mamaci ba, wani sinadari ne mai suna naftalin. Uwa takan tanadi kayan jariri tun tana da ciki wata biyar, ta zuba su a ciki don ƙauna, ranar haihuwa a ciro rigar a sa masa. Naftalin yana shiga ta fata da ta numfashi. Likitocin yara a Nijeriya sun rubuta wannan tun shekarun 1980, cewa yana cikin abubuwan da ke tsananta shawara ga jarirai masu wannan gado. Na biyu lalle. Ga babba ba kome, ado ne kuma al'ada ce mai kyau, amma shafa shi a jikin jariri ya farfasa jinin yara a ƙasashen Larabawa da Turkiyya, har an yi rashi.

Shawarar jariri in ta yi yawa tana hawa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa: kurumta, sanƙarewar gaɓoɓi, yaron da ba zai zauna ba balle ya yi tafiya. Maganinta kuwa a farkonta mai sauƙi ne, wata shuɗiyar fitila ce da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta a asibiti, in ta yi tsanani a sauya masa jini. Matsalarmu ita ce ɗakin jego da duhu, jariri a naɗe, kowa hankalinsa na kan rago da baƙi. Muna roƙon iyaye maza, wannan aikinku ne: kowace safiya cikin makon farko a fito da jariri wurin haske, a dubi farin idonsa da dasashinsa, a danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa a ɗaga. In wurin ya nuna rawaya, musamman a kwana na farko ko na biyu, ko yaro ya ƙi kama nono, ko kukansa ya yi tsini, a tafi asibiti ranar, ko Maternite Issaka Gazobi ko wadda ta fi kusa. Shanya shi a rana ko ba shi jiƙo ba ya tsayar da ita. Suna yana iya jira, mu da muke raɗa shi mun yarda. Kayan da suka kwana da naftalin kuma a wanke su sarai a shanya, akwatin jariri a raba shi da waɗannan ƙwallaye gaba ɗaya.

Abinci

A 1987 Michael Golden da abokin aikinsa a Jamaika suka nuna cewa yara masu tamowa irin ta kumburi, wadda ake kira kwashiyoko, gulutatiyon ɗin jininsu ya faɗi ƙasa ƙwarai. Daga baya a can Jamaika aka ga cewa in an ƙara musu sistayin cikin jinya, yana hawa, kumburin kuma ya fi saurin saɓewa. Amma da aka gwada a Malawi, aka ba yara fiye da 2,000 garin bitamin da makamantansu don rigakafi, sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna bai hana cutar ba. A wannan shekara ta 2005 kuwa mu a nan Nijar muna cikin yunwar da ba mu manta ba, kuma abin da ya tashi dubban yara a Maraɗi da Damagaram abinci ne: gyaɗa da madara da mai da sukari da bitamin a cikin leda.

Abin da jiki ke nema domin ya ƙera gulutatiyon yana kasuwarmu. Ƙwai, kifin kogin Isa, nama ko kaɗan ne, da nono. Furarmu da nono haɗi ne mai kyau, hakanan hatsi ko shinkafa da wake, domin abin da wake ya gaza a kai na tubala masu farar wuta hatsi yana cikewa, abin da hatsi ya gaza wake yana cikewa. Albasar Galmi da tafarnuwa da kabeji suna da sinadarai masu farar wuta, zogale kuma, ko a kwaɗo ko a dambu, yana kawo bitamin da furotin. Amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce mun ce zogale na warkar da ciwon hanta. Abinci ne, a ci shi a matsayin abinci. Kuma a daina hana yara ƙwai da cewa zai sa su sata.

Mu koma ga tambayar dattijo

Gaskiyar mai sayarwa ita ce jiki yana yin gulutatiyon. Ƙaryarsa ta farko ita ce mai lafiya yana bukatar ƙari daga kwalba. Wanda ake haɗiya, ciki yana warware mafi yawansa ya koma tubalansa uku, kamar yadda yake yi wa ƙwai. Wanda ake ɗurawa ta jijiya kuwa ba ya daɗewa a jini, cikin mintoci ake kwashe shi. Ƙarya ta biyu ita ce wankin jini. Hanta da ƙoda su ke wannan aiki dare da rana, wanda nasa suka gaza kuma asibiti yake bukata.

Ta uku ita ce cewa ba bilicin ba ce. Launin fatarmu daga wani sinadari ne mai suna melanin, kuma abin da ake nema da wannan allura shi ne a rage wa fata yin sa. Wannan shi ne bilicin, ko da wane suna aka kira shi. Gwaje-gwajen da aka yi na haɗiya ƙanana ne, na makonni kaɗan, sauyin da aka gani ɗan kaɗan ne, kuma in an daina launi yana komawa. Shi ya sa ciniki ne mai riba, mai saye ba ta gamawa. A 2011 hukumar magunguna ta ƙasar Filifin, inda abin ya fara yaɗuwa, ta yi gargaɗi a kan allurar, ta ambaci lalacewar ƙoda, da rikicewar maƙoƙo, da wata cuta mai saɓule fata kamar ƙuna wadda ke iya kisa. A 2018 hukumar Gana ta gargaɗi mata masu ciki da ke haɗiyar ƙwayoyinsa da fatan su haifi farin jariri. Ku ƙara da cewa a nan ba a asibiti ake yin ta ba, a ɗaki ake yi ko a shagon gyaran jiki, da kwalbar da ba a san inda aka cika ta ba, ba a san zafin da ta sha a hanya ba, da hannun da bai koyi neman jijiya ba. Ta irin wannan hanya ciwon hanta na B da na C da ƙanjamau ke ƙaura daga jiki zuwa jiki. Melanin ɗin da ake yaƙa kuwa shi ne inuwar fata a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu.

Da siffar abu ta bayyana, hukuncinsa bai yi wuya ba. Cutarwa ce ga jiki ba tare da lalura ba, ɓarnar dukiya ce, kuma neman sauya halitta ne, alhali a Suratur Rum, aya ta 22, an lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Wannan dabam yake da wadda ke da tabo ko ƙuraje ko wata cutar fata ta je likita ya ba ta magani, ita neman lafiya take. Mai sayarwa da ya ɓoye aibin hajarsa ya yi algus. Sai dai ba za mu ɗora wa ƴan mata laifin su kaɗai ba. Yarinya ba ta miƙa hannunta ga allura sai don ta ji abin da samari ke yabo, ta ji abin da dangin miji ke faɗi ranar kai amarya, ta ga yadda aka yi wa yayarta kishiya. Mu maza mu ne kasuwar.

Dattijon bai biya ba. Ya ce da ya koma gida ya fara da kiran uwar yarinyar, domin ita ma matsa mata aka yi, sa'an nan ya aika aka kira angon ya tambaye shi a gaban waliyyinsa ko shi ya nemi haka. Yaron ya rantse bai ma san da maganar ba.

Wadda ta riga ta yi allurar, ta tsaya daga yau, ta je a auna mata ƙoda da hanta, a yi mata gwajin ciwon hanta na B da C da na ƙanjamau, ta faɗa wa likita gaskiyar abin da ta yi da yawan kwalaben. Wadda kuma ta daɗe tana haɗawa da mayukan shafe-shafe, kada ta yanke su dare ɗaya ba da shawarar likita ba, domin da yawansu suna da kotizon a ciki, kuma jikin da ya saba da shi a hankali ake yaye shi. Waɗannan mayuka su ne darasinmu na fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.